Jagora Ma Baƙo Ne

Sunana Hilarius Wangge, ɗan Ende.
Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa baƙi
a gadon bayan Flores,
inda hanya ba ta san miƙewa ba.
Mai gaggawa a nan, amai yake yi kafin azahar.

A bakin teku ladan ke tashin mu,
a kan tudu kuwa ƙararrawar coci.
Tsakaninsu tafiyar awa biyu
da harsuna uku; na ukun ban iya ba
sai gaisuwa, da "nawa ne", da "a yi haƙuri".

Marit ta zo daga ƙasar ƙanƙara,
jaka ɗaya, da gorar ruwa ta ƙarfe.
Na karanto mata darasina na kullum:
Murjani yana da rai, kar ki taka,
abin da ya shekara ɗari yana ginawa
diddige ɗaya ya ishe shi.
Ledar da kika shigo da ita, ki fita da abarki.
Can sama ruwa a kan yara yake hawa,
guga ɗaya ya wanke mutum.
Fuska ba furen daji ba ce,
tambayi mai ita kafin ki ɗauka.

Ta ji. Ashe har ta fi ni ji.

Da Daeng Sahabu ya kashe injin kwalekwale,
kunkurun teku ya taso shan iska dab da mu,
hannunta ya miƙa, ya tsaya,
ya koma kan cinya.

A ƙauyen Ngada, ƙarƙashin dogayen jinkaye,
Mama Regina Dhiu ta baje zane,
aikin wata bakwai, baba ta cinye mata farce.
Marit ba ta ce a rage ba.
Cewa ta yi, "Waɗannan fararen dawakin na jiki,
ina za su?"
Tsohuwa ta ajiye zare, ta gyara zama,
labari ya yi tsawo har gahawa ta huce.

Ni kuwa, gwani, ɗan ƙasa,
na zaro waya in ɗauke su,
ina ja da baya, ina neman haske,
ina ja, ina ja,
sai na ji sanyi a tafin ƙafa.
Faffaɗan dutse.
Wanda a kansa ake ajiye wa kakanni abinci.

Tabarya ta tsaya a cikin turmi.
Ko kaji sun yi shiru.

Wani dattijo ya yi magana, ba da ƙarfi ba,
cikin harshen nan da ban iya ba.
Jikansa ya fassara, kansa a ƙasa:
"Ya ce, baƙuwar ta yi tambaya.
Kai fa?"

Jan zakara na saya, daga aljihuna.
Na nemi gafarar dutse, na nemi ta masu rai.
Aka dafa, muka ci da shinkafa a kwandon kaba,
barkono ya ba ni hujjar hawaye.
Faɗuwar rana a kan dutsen wuta,
wadda aka rubuta a takardar tafiya,
ta faɗi ba mu.
Marit ba ta ambace ta ba.
Hoton ma ni na goge da kaina,
ya fito da kyau, abin haushi.

Yanzu in zan karanta wa baƙi darasi
da ƙafata nake farawa.
Zama ɗan gari a gadar Ende yake ƙarewa;
bayan nan, ni da mai fasfo duk ɗaya.
In mun doshi ƙauye nakan kashe rediyo,
in sauke gilashi, in riga su gaisuwa,
in tambayi yaro inda ake takawa.

An ce baƙo raɓa ne.
To, raɓa takan kwana a kan ganye,
gari ya waye ta tafi,
ganyen bai karye ba.
Ni har yau koyo nake,
kuma zakara ya yi tsada bana.